Gumin Gilashi

Mai Gilashi mutum ne da ba ya barin kafa. In ya haɗa maka taga, ko allura ba za ka samu inda za ka soka ba, kuma ba ya jiran ka yabe shi, da bakinsa zai faɗa maka. Abokan aikinsa a shago har tsokanarsa suke yi, wai da za a ba shi kwangilar duniya da ya liƙe ta da gam, mutane su koma sayen iska a leda. Dariya yake yi ya ƙyale su, don dai ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Ƴa ɗaya Allah ya ba shi, wata ƴar firit mai surutun tsiya da suke kira Tsigi. Tun da asuba bakinta ke buɗewa, ba ya rufewa sai barci ya sace ta a tsakiyar labari. Gidansu a saman bene yake, ɗaki biyu da falo, kuma ɗakin Tsigi shi ne ke kallon babban titi, inda manyan motoci ke cunkushewa suna aman hayaƙi. Yarinyar ba ta da abin so kamar ta hau gado ta leƙa ta taga tana yi wa direbobi faɗa. A nan ciwon ya fara kama ta. Wata babbar mota ta tayar, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, Tsigi ta fara tari, tarin ya koma wani irin fito a ƙirji, sannan leɓenta ya sauya launi a gaban idon ubanta.

A asibiti aka ce asma ce. Likita ta yi bayani mai tsawo, ta ba su abin shaƙa iri biyu, ɗaya na kullum, ɗaya na lokacin da ciwon ya taso, ta lissafa abubuwan da ke tayar da shi. Maman Tsigi tana ta gyaɗa kai. Shi kuwa Mai Gilashi tsoro ya riga ya toshe masa kunne, a duk jawabin nan kalma biyu kawai suka shiga, hayaƙi da ƙura. Ya fito asibitin da su a ka, yana jin cewa an kawo masa aikin da ya iya.

Washegari bai je shago ba. Ya ɓalle tsohuwar tagar ɗakin, mai yanka-yankan gilashi da ake ɗagawa a sauke, ya jefar da ita kamar ita ta yi laifin. Ya yanko gilashi mai kauri falle guda, ya zaunar da shi a firam ɗin alminiyam, ya zagaye shi da roba, ya bi bayan robar da gam ɗin silikon ciki da waje. Bai sa masa mariƙi ba, bai sa sakata ba, don a ganinsa duk abin da ke buɗewa wata rana zai yi sako-sako. Akwai wasu ƴan ramukan shan iska da magina suka bari can sama kusa da silin. Ya hau tsani ya cika su da siminti. Ƙofa ma ya sa mata roba a gefe da ƙasa, har in za ka rufe ta sai ka sa kafaɗa. Da ya gama ya kunna ashana ya bi kowace kusurwa yana duba harshen wutar, bai ga ya ko karkata ba. Ƙarar titi ta ɗauke ɗif. Rabonsa da barci mai daɗi irin na ranar har ya manta.

Sai ya zaunar da yarinyar a cinyarsa ya koya mata. Ya ce iskar waje muguwa ce, ita ce ta so ta kashe ta rannan, kuma har yanzu tana nan bayan gilashi tana neman hanyar shigowa. Ya ce duk wanda ya shiga ɗakin ya ja ƙofa, in za ta makaranta ta rufe hancinta da ƙyalle, in ta dawo ta wuce ɗakinta kai tsaye. Tsigi ta ɗauki maganar kamar karatu, don a wurinta abin da Baba ya faɗa ba ya da gyara. Nan da nan ta zama ƴar sandar ƙofa. Ko uwarta ce ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofa da magana, sai ka ji ƴar muryar nan ta ce ta shigo ko ta fita, tana shigo mata da iska.

Maman Tsigi ma ba ta zauna ba, ta kawo tata gudummawar. A baranda take shanya, barandar kuwa titin take kallo, farar riga in ta yini a can sai ta dawo da toka-toka tana warin man mota. Ta ce ina amfanin tsare yarinya a ɗaki mai tsabta sannan a sa mata kayan da suka sha hayaƙi? Ta ɗaura igiya daga ƙusar labule zuwa saman kabad ɗin kaya, ta koma shanya kayan Tsigi a ɗakin Tsigi, ta kunna musu fanka. Mai Gilashi ya gani ya ce wallahi ta yi tunani. Da damina ta kankama, baranda ta daina busar da komai, sai kayan gidan gaba ɗaya suka bi sahu, har da tawul da zannuwan gado.

Da farko abin ya yi kyau, kar a ci haƙƙinsu. Yarinya ta yi makonni ba ta nemi abin shaƙa na gaggawa ba, ta yi kumatu, surutu ya ƙaru. Mai Gilashi har waya yake zarowa a shago ya nuna hoton tagar.

Wata safiya ya shiga tashin ta, ya tarar gilashin ya yi gumi. Ruwa ne ɗigo-ɗigo daga sama har ƙasa, ya taru a kan firam, Tsigi ta zana mutum-mutumi a jiki da yatsa. Ransa ya ɓaci. A sana'arsa ruwa a cikin taga suna ɗaya gare shi, yoyo, kuma yoyo zagi ne ga mai aiki. Ya sha ganin gilashi yana gumi a banɗakin mutane, ya kuma san dalili sarai in a gidan wani ne. Amma wannan tagar ƴarsa ce, kuma tunaninsa gaba ɗaya a kan abin da ke shigowa yake, bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa me ke neman fita ba. Ya goge ruwan, ya ɗauko bindigar gam ya ƙara layi a kan layi. Kwana biyu gumi ya dawo. Ya sake ƙarawa.

Tari ma ya dawo. Da farko ɗan gyaran murya ne da safe, daga baya ya zama wanda ke tayar da su daga barci. Suka shiga neman mai laifi ruwa a jallo. Suka zargi allin makaranta, suka zargi janareton maƙwabci, Maman Tsigi ta daina suya gaba ɗaya, gidan ya koma cin dafaffe kamar masu jinya. Mai Gilashi ya koma tuɓe kayan aikinsa a bakin ƙofar falo. Duk lokacin da ciwon ya ƙaru, sai su ƙara tura yarinyar cikin ɗakin, don nan ne kaɗai wurin da suka amince da shi. Har makaranta suka hana ta zuwa, suka ce ta huta tukuna.

Yayarsa ta zo duba ta wata rana, ta shiga ɗakin ta fito tana yatsina fuska, ta ce ita dai tana jin wani wari-wari kamar na tsohuwar rijiya. Ya ɗaure fuska ya ce ƙamshin sabon gam ne, kuma ɗakin nan ko ɗakin tiyata bai fi shi tsabta ba. Ta ce Allah ya ba shi haƙuri, don ta san halin ƙaninta in aka taɓa aikinsa. Su da ke shiga kullum hancinsu ya riga ya saba. Bayan tafiyarta Maman Tsigi ta fesa turaren ɗaki mai ƙamshin lemo, ta ja ƙofa ta rufe.

Tsoron da ke cikin Mai Gilashi a kwanakin nan ba ya misaltuwa. Yana tsakiyar yankan gilashi sai ya ji kamar wayarsa na ruri, ya zaro ya ga ba kowa. Ya fasa falle biyu a mako guda, shi da ake kawo wa masu koyo su ga yadda ake riƙe abin yanka. Ya yi duk abin da ya sani, ya toshe duk inda za a toshe, amma abin yana shigowa, kuma ya rasa ta ina. Har mafarki yake yi da wata kafa ƴar mitsitsiya da yake ta lalube bai same ta ba.

Ranar da abin ya faru, da la'asar ya dawo gida da sabon bututun gam a aljihu, wai wani mai ƙarfi da aka ce na jirgin ruwa ne. Tun daga matattakala ya ji gidan ya yi masa shiru da yawa. Ya sa kafaɗa ya tura ƙofar ɗakin. Zafi da danshi suka dake shi a fuska, zannuwa jiƙaƙƙu na lilo a igiya, sai da ya ɗaga ɗaya sannan ya hango ta. Tana zaune a bakin gado, ta dafa gwiwoyinta da hannu biyu, kafaɗunta na hawa suna sauka. Ramin wuyanta yana lotsawa ciki duk lokacin da ta ja numfashi. Uwarta na durƙushe a gabanta tana shafa mata baya, ta ce yanzun nan ya taso mata, tana cikin ba ta labari.

"Tsigi," ya ce. "Yi mini magana."

Ta ɗago ta dube shi, ta buɗe baki. "Ba..." Sauran bai fito ba.

Yarinyar da ake roƙo ta yi shiru, yau ta kasa haɗa kalma ɗaya. Ya ce da matarsa ta miƙo abin shaƙa. A saman kabad suke ajiye shi don kar yarinyar ta mai da shi abin wasa. Maman Tsigi ta miƙe ta kai hannu cikin gaggawa, ta ture shi maimakon ta kama. Suka ji ya gangara, ya daki bango, ya faɗa bayan kabad ɗin.

Kabad ne babba na katako, tun da suka tare ba a taɓa motsa shi ba. Mai Gilashi ya kama gefensa ya finciko da ƙarfin da bai san yana da shi ba. Igiyar shanya ta tsinke, kaya suka zubo. Allon bayan kabad ɗin bai biyo shi ba, ya tsaya manne da bango, sannan ya ɓare ya faɗo a ruɓe kamar jiƙaƙƙen kwali.

Bangon baƙi ne. Daga ƙasa har sama da tsayinsa funfuna ce ta shimfiɗu, baƙa da kore-kore, wani wuri da gashi-gashi, tana naso tana bin kusurwa har ƙarƙashin gadon yarinyar. Wari ya taso ya cika ɗakin, wanda shi kansa, ƙato mai lafiya, sai da ya sarƙe ya yi tari. A bayansa ya ji fiton ƙirjin Tsigi ya sauya, ya koma siriri.

Jikinsa ne ya fara tunani kafin kansa. Ya yi tsalle ya kai hannu taga zai buɗe. Tafinsa ya zame a kan jiƙaƙƙen gilashi, ya laluba dama, ya laluba hagu, yana neman mariƙin da shi da kansa ya ƙi sawa. Ya daki gilashin da gwiwar hannu. Ko gezau, mai kauri ya zaɓo.

"Baban Tsigi, bar tagar nan, ɗauko maganin," in ji matarsa, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ya durƙusa ya cusa hannu cikin ruɓaɓɓen allon ya zaro abin shaƙar, ya yi baƙi da dauɗar bangon. Ya goge shi a hannun rigarsa, ya cire murfin, ya sungumi yarinyar ya fita da ita falo, ya wuce har bakin matattakala. A can suka fesa mata, suka jira, suka sake fesawa kamar yadda aka koya musu. Maganin yana buƙatar numfashin da zai ja shi ciki, numfashin kuwa shi ne babu. Idonta ya fara lumshewa. Bai san lokacin da ya sauka benen ba, sai ganin kansa ya yi a bakin titi, cikin hayaƙin da ya yi watanni yana ɓoye ta daga gare shi, yana ɗaga wa motoci hannu da ƴa a kafaɗa.

Wani mai tasi ne ya tsaya, ya dubi yarinyar sau ɗaya, bai tambayi komai ba ya buɗe ƙofa. Titin a cushe yake. Mai tasin ya dinga danna ham yana kutsawa, yana leƙa kai yana roƙon a ba shi hanya. A baya Mai Gilashi ya zaunar da Tsigi a cinyarsa, ya kara kunnensa a bayanta. Ɗazu fiton ne ke ba shi tsoro, yanzu kuwa addu'a yake yi ya ci gaba da jin sa, don yana raguwa ne ba tare da numfashin ya dawo ba. Maman Tsigi ta riƙe ƙafafun yarinyar tana murzawa, bakinta na motsi ba sauti. Abin da ke kansa kawai shi ne nauyin yarinyar, yadda take ƙara sakin jiki a hannunsa.

A asibiti nas-nas suka karɓe ta da gudu. Aka rufe mata hanci da baki da wani abin roba mai fitar da magani kamar tururi, aka maƙala mata wani abu a yatsa, aka sa allura. Aka ce su tsaya daga baya. Ya tsaya jikin bango yana kallon ƙirjinta ta tsakanin kafaɗun mutane. Ya sulale ya zauna a ƙasa, da bututun gam yana tokare masa cinya. Ya daɗe a haka kafin ya ji tari, tari mai ƙarfi mai majina, sannan kuka ya biyo baya. Bai taɓa jin abu mai daɗi kamar kukan nan ba, shi ma ya sa fuska a gwiwa ya yi nasa.

Da ƙura ta lafa likitar ta kira su gefe, ita ce dai ta farkon. Ta ce yarinyar za ta kwana biyu a wurinsu, kuma da sun ƙara jinkiri da labarin ya bambanta. Sannan ta tambayi inda take kwana. Mai Gilashi ya fara bayani, abin mamaki har da ɗan guntun alfaharin nan da ya saba, ya faɗi kaurin gilashin, ya faɗi robar ƙofa. Ta ce ta ina iska ke fita? Ya ce ai duk ya toshe. Ta tambaya ko akwai danshi a ɗakin. Maman Tsigi ta sunkuyar da kai ta faɗi zancen shanya da turaren fesawa. Shi kuma ya juyo hannun rigarsa ya nuna mata baƙin da ke jiki.

Ba ta yi musu faɗa ba, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. Ta ce ruwan da ke fita daga jiƙaƙƙun kaya da numfashin mutum dole ya samu hanya, in bai samu ba sai ya kwanta a bango ya haifar da abin da suka gani, kuma funfuna tana daga cikin abubuwan da ke tayar da asma. Ta ce kar yarinyar ta koma ɗakin sai an kankare shi ya bushe ƙayau, kuma kar a yi aikin tana gida. Shanya a waje, turaren fesawa a bar shi, maganin kullum kar a fasa.

"To hayaƙin fa, likita?" ya ce. "Shi ne ya fara kayar da ita."

Ta ce hayaƙin ma gaskiya ne, bai yi ƙarya ba. Ta ce ya buɗe ɓangaren da ba ya kallon titi, na titin kuma ya buɗe lokacin da motoci suka yi sauƙi, ya rufe in sun cunkushe. Ya so ta ba shi doka guda, a rufe ko a buɗe, wadda zai yi sau ɗaya ya liƙe ya huta. Ta ce babu irin wannan, sai dai ya dinga lura.

Kwanakin da Tsigi ta yi a asibiti, uwarta na wurinta, shi yana gida yana yaƙi da aikin hannunsa. Gam ɗin da ya yi ta jibgawa layi a kan layi ya ƙi yankuwa, sai da ya karya reza ya yanke yatsa kafin gilashin ya saki. Da ya ɗaga shi, iska ta shigo da ƙarar titi gaba ɗaya, ya ji gabansa ya faɗi kamar ya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Ya ɗaura ƙyalle a hanci ya kankare bangon, ya wanke, ya sake wankewa. Ya fitar da kabad da katifa da labule. Ya hau tsani da guduma ya fasa simintin ramukan sama. Ya ɓare robar ƙofa. Sabuwar tagar da ya sa mai zugewa ce, da mariƙi da raga. Da Maman Tsigi ta zo ɗaukar kaya ta tsaya tana kallon tabon bangon, ta ce ita ta shanya. Ya ce shi ya rufe. Ba su ƙara tayar da maganar ba.

Suka shirya cewa yarinyar za ta koma ɗakinsu na baya, wanda tagarsa ke kallon tsakar gidan maƙwabta, su kuma su yi shimfiɗa a ƙasa har nata ya bushe. Ranar da aka sallame ta da hantsi suka dawo. Ta rame, idanunta sun yi zuru-zuru, amma baki ya dawo, tun a mota take ba su labarin wata nas mai takalmi mai ƙara. Ya ɗauke ta ya hau da ita benen duk da ta ce za ta iya. A bakin ƙofar falo ya sauke ta.

Maganar ta tsaya a bakinta. Ƙofar ɗakinta a wangale take, ta ɗakin baya ma haka, tagogi duk a buɗe, labulen falo yana kaɗawa. Tsigi ta dubi wannan ta dubi wancan. Sai ta ja numfashi ta riƙe, ta sa tafukanta biyu ta toshe hanci da baki.

Da farko ya ɗauka wasa ne. Sai ya ga idanunta, ya ga yadda suka firfito. Ta kwasa da gudu ta shiga ɗakin baya, ta haye gado tana kiciniyar jan tagar da hannu ɗaya, ɗayan yana kan hancinta. Tagar ta fi ƙarfinta. Fuskarta ta fara yin ja, jijiyar wuyanta ta tashi. Uwarta ta kama ta tana cewa ta saki numfashi, ta saki, ba komai. Ta fizge. Da ta kasa riƙewa numfashin ya ƙwace mata da kuka, kukan ya jawo tari.

"Baba, rufe. Tana shigowa. Baba, don Allah rufe."

Mai Gilashi ya tsaya a tsakiyar ɗakin. Tarin nan ya san inda yake kaiwa, kuma an gaya musu firgita ma tana iya tayar da ciwon. Taku biyu ne tsakaninsa da tagar. In ya zuge ta yanzu yarinyar za ta yi shiru, ta kwanta, ta yarda Baba ya tsare ta. Tun da aka haife ta bai taɓa jin ta roƙe shi abu da irin wannan muryar ya hana ta ba. Matarsa ta ɗauko abin shaƙa daga jaka ta riƙe a hannu, ta kafa masa ido.

Ya durƙusa a gaban gadon ya kama hannayen yarinyar. Ya ce ba za a rufe ba. Ya ce iskar nan ba za ta yi mata komai ba, ɗakin da aka rufe ne ya sa ta ciwo.

"Kai ka ce tana kashe mutum," ta ce, tana shessheƙa.

"Na faɗa. Ban faɗa daidai ba, Tsigi."

Ta tsaya da kukan ta dube shi, wani irin kallo da ba ta taɓa yi masa ba. Ya ga tana neman Baban da ba ya kuskure a fuskarsa, ya kuma ga ba ta same shi ba. Wannan ya yi masa ciwo fiye da yankan rezar.

"To yanzu ma in ba daidai ba ne fa?"

Tambayar da ke cin sa ke nan tun da ya ɗaga gilashin. Ya ɗauke ta ya zauna a bakin gadon, dab da tagar, ya jingina bayanta da ƙirjinsa. Ya ce ta ji yadda yake yi. Ya ja iska ta hanci a hankali, da ƙara don ta ji, ya sake ta ta baki. Ya sake ja. Jikinta a sandare yake, ƙusoshin yatsunta sun nutse a damtsensa. Ya ci gaba da ja yana saki, shi da tsoro ya cika wa ciki, yana nuna mata yadda ake shaƙar abin da shi ma bai gama yarda da shi ba.

Can ya ji haƙarƙarinta ya buɗe kaɗan a ƙarƙashin hannunsa, ya koma. Ta ja na biyu, guntu, tana jiran ta ga abin da zai same ta. Ya sunkuyar da kai ya kara kunne a bayanta yana sauraron fito. Daga can ɓangaren titi wata babbar mota ta yi gurnani ta tayar, yarinyar ta zabura ta damƙe shi, shi ma sai da tsikar jikinsa ta tashi.

"Ja kuma," ya ce mata. "Ina nan. Ja."